Amsoshin Tambayoyinku: Lafiyar Iyayenmu Mata Bayan Ɗaukewar Al'ada

Mai gabatarwa: Jama'a barkanmu da warhaka. Saƙonni sun taru, lokaci kuma ƙanƙane, ga Likita tare da mu. Wata baiwar Allah daga Gusau ta ce shekarunta 47, wata huɗu ba ta ga al'ada ba. Ta ɗauke ke nan?

Likita: Tukuna. Sai an cika wata 12 cur babu ita. Yawanci tsakanin shekara 45 zuwa 55 ake kaiwa nan, kafin haka kuwa ciki na iya shiga.

Mai gabatarwa: To Hajiya, a kula, kar auta ya samu ƙani ba shiri. Daga Maraɗi kuma, wata ta ce zafi ke taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya jiƙa zani ko da hunturu. An ce mata iska ce.

Likita: Ba iska ba ce, sinadarin istirojin ne, wato wanda ke daidaita al'adar mace, ya ragu a jikinta. Ta rage yaji da shayi mai zafi da dare. In yana hana ta barci, akwai magani a asibiti.

Mai gabatarwa: Wannan kuwa mutane da yawa suka aiko ta, daga Zariya, Katsina, har Kumasi: ciwon baya da gwiwa. Su sayi ƙwayar kalsiyam, sinadarin nan mai ƙarfafa ƙashi?

Likita: Ai da istirojin ya ja baya, ƙashi yakan fara zaizayewa, musamman a shekarun farko, kuma shiru yake yi, sai an ɗan faɗi a banɗaki a ji ƙugu ya karye. In kalsiyam ne, akwai nono da kindirmo, akwai riɗi da zogale, da ƙananan busassun kifin nan da ake taunewa da ƙayarsu. Amma ni zama ne ya fi damuna. Da an kawo matar ɗa gida, shi ke nan Mama ta shimfiɗa tabarma, ko buta sai jika ya miƙo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a motsa jiki minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Zagaya tsakar gida ma tafiya ce. Ga kuma gishiri, kar ya kai giram 5 a yini, kamar ƙaramin cokali ɗaya, har da na cikin dunƙulen miya, don hawan jini na yawaita a wannan shekarun...

Mai gabatarwa: Likita, ƙwayar fa?

Likita: Au! Kar a saya a kemis da ka, a bari likita ya duba tukuna.

Mai gabatarwa: Na maimaita: abinci, tafiya, ƙwaya sai da izinin likita. Ni dai a ganina ’ya’ya ma da laifinsu, sun mai da hana uwa motsi biyayya. Ta ƙarshe: wata ta ce bayan shekara uku jini ya dawo, har ta yi murna.

Likita: Mama, wannan ba al'ada ba ce. Ko ɗigo ne, a je asibiti cikin makon nan. Sau da yawa bushewar gaba ce kawai, amma yakan zama alamar sankarar mahaifa, wadda in an gano da wuri ana warkewa.

Mai gabatarwa: Kin ji ko, Mama? Ban da jiƙe-jiƙe, ban da kunya. Tambayarki ta salla kuma mun ajiye wa Malam sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.