Jawabin Sakatare Kan Ajin Maganar Hannu a Taron Zazzagawa Mazauna Ingila

Malam shugaba, a yi mini afuwa, zan tsallake ajanda. Rahoton taron baya yana nan a rubuce, zan zo kansa. Maganar ajin nan ce ta tsaya mini a rai.

A ɗakin nan muka amince za mu ɗauko malama ta koya mana maganar hannu, saboda yaron ɗan'uwanmu da likitoci suka tabbatar ba ya ji. Kowa ya ɗaga hannu, aka yanka fam goma-goma. Ga ma'aji nan zaune, ku tambaye shi. Waɗanda suka biya ba su kai rabinmu ba. Malamar, wadda ita ma kurma ce, ta ware mana yammacin Lahadi tana jira, mu kuma muna ta "in sha Allahu wata mai zuwa". Haba jama'a!

Yaron nan ba zai jira mu ba. A shekarun farko ƙwaƙwalwar yaro take kama harshe, na baki ne ko na hannu, kuma idan lokacin ya wuce bai samu ko ɗaya ba, gyaran yana da wuya. An sa masa na'urar kunne, alhamdulillahi, amma na'ura ba ta mayar da shi kamar mai ji sarai, musamman a ɗaki mai hayaniya irin namu. Ranar walimar sallah kun gan shi. Ya zo ya ja hannun rigar wani babba a cikinmu yana nuna masa wani abu da yatsunsa, babban ya yi murmushi, ya miƙa masa alewa, ya juya ya ci gaba da hira. Uwar tana kallo. Tun daga ranar ba ta sake zuwa taro ba, kuma ban ga laifinta ba.

Abin da ke ba ni haushi, mu ba baƙin wannan abu ba ne. Wa ya tashi a Zariya bai san kurman unguwarsu ba? A kasuwar Sabon Gari, a Tudun Wada, a bakin Ƙofar Doka, kurma tela ne, kafinta ne, mai gyaran babur ne, ana ciniki da shi da hannu, a yi masa tayi ya ƙi, a ƙara ya sallama, har zolaya ake yi a yi dariya. Ba wanda ya shiga aji, zama tare ne ya koya mana. Da yawansu sanƙarau ne ko ƙyanda ya tafi da jinsu suna ƙanana, waɗanda suka ga annobar sanƙarau ta 1996 sun san abin da nake faɗi. Garinmu bai ware su ba. To me ya same mu da muka ƙetaro ruwa?

Wani ya ce mini ai da ɗan abin da muka iya na gida ma ya isa. Bai isa ba, Alhaji. Maganar hannu ba ɗaya ba ce a duniya. Ta Hausa daban. Wadda ake koyarwa a makarantun kurame na Najeriya tushenta na Amurka ne, tun da Andrew Foster, wani baƙar fatar Amurka wanda shi ma kurma ne, ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Ta nan Ingila kuwa, BSL, daban ce kwata-kwata: su da hannu biyu suke harhaɗa baƙaƙe, ta Amurka da hannu ɗaya. Yaron a nan zai yi makaranta, don haka BSL za mu koya. Ta gida kuma ba za mu yar ba, don wata rana zai sauka a Zariya, kuma kakarsa tana son ta gaisa da jikanta ta bidiyon WhatsApp.

Iyayenmu mata, akwai wani abu da sai mun sassauta. Mun saba yaro ya sunkuyar da kai gaban babba, ladabi ke nan. Shi wannan dole ya kalli fuskarki, domin ɗaga gira da motsin baki suna cikin maganar. Kada a ce ba shi da kunya. A taɓa kafaɗarsa, a tsaya inda haske yake, a durƙusa daidai tsayinsa. Masu goyo kuma ku zo da jariranku, masu ji ma suna iya nuna alamar nono ko ruwa kafin bakinsu ya buɗe, kuma hakan ba ya hana su magana.

Rahoto a taƙaice: kuɗin hayar ɗaki an biya, gudummawar ta'aziyya ta isa gida, kwamitin makarantar Islamiyya zai zauna mako mai zuwa, rajistar sababbin membobi tana wajena. Shi ke nan.

Na koma kan fam goman nan. Tun 2022 majalisar ƙasar nan ta yi doka ta amince da BSL a matsayin harshe, mu kuma da muke kiran yaron nan ɗanmu ba mu iya ce masa "zo ka ci abinci" ba. Ina roƙonku don girman Allah. Wanda ba shi da hali ya same ni a gefe, ba wanda zai ji. Wanda yake da hali ya biya na mutum biyu. Ma'aji, ka matsar da kujerarka bakin ƙofa da littafinka, ajin zai fara Lahadin nan bayan la'asar, kuma ni da kaina zan je in ɗauko yaron da mahaifiyarsa.