Wa Ke Da Ikon Faɗin Mene Ne Aure? Lacca Kan Taƙaddamar Auren Jinsi Ɗaya

(An rubuto wannan daga faifan laccar da wani malamin fannin shari'a ya gabatar wa ɗalibai 'yan ƙasar Hausa a wata istiraha (gidan shaƙatawa da taro) a Madina, bayan sallar Isha.)

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam shugaban zama, iyayenmu dattawa mazauna wannan gari mai albarka, da ku ƙannena ɗalibai, barkanmu da wannan dare.

An ce in yi magana a kan auren jinsi ɗaya. Hukuncinsa a addini ba zai ci mana lokaci ba, domin babu malami a mazhabobin nan huɗu da ya taɓa lissafa shi cikin aure. Aure a wurinmu tsakanin namiji da mace ne, da waliyyi da sadaki da shaidu da siga, ɗan shekarar farko a kulliyyar Shari'a ya san wannan. Inda na ga muna da giɓi shi ne sanin yadda aka yi ƙasashe fiye da 30 suka mayar da shi doka cikin shekara ashirin da 'yan kai, da abin da su kansu suke jayayya a kai. Gobe gida za ku koma, ku hau mumbari, lauya ko ɗan majalisa ya zo da tambaya. Allah-wadai kaɗai ba za ta ishe ku amsa ba.

Mu fara da takarda. Duk wanda ya taɓa neman kawo iyalinsa nan Saudiyya ya san abin da nake nufi. An ɗaura aure a ƙofar gidan surukai, an raba goro da dabino, unguwa ta shaida, amma ma'aikacin da ke bayan gilashi takarda yake jira, mai hatimi, da fassarar Larabci. In babu ita, matarka ba za ta samu iƙama, wato takardar izinin zama, ba. To a Turai abin ya zarce haka. Tun 1792 Faransa ta karɓe ɗaurin aure daga hannun coci ta miƙa wa hukuma, har gobe kuma auren da ba a ɗaura a ofishin magajin gari ba, dokar ƙasar ba ta san da shi ba. Da aure ya koma hannun hukuma, sai aka rataya masa gado da haraji da fansho da biza da riƙon 'ya'ya, har da wanda zai sa wa marar lafiya hannu a asibiti. Wanda kuwa ya ƙwace ikon ɗaurawa, ya samu ikon sake fasalta abin da yake ɗaurawa.

Ku dubi ƙararraki biyun da suka juya Amurka. Wata mata, Edith Windsor, ta yi irin wannan aure a Kanada a 2007. Abokiyar zamanta ta mutu a 2009, ta bar mata dukiya, sai gwamnatin tarayya ta caje ta harajin gado sama da dala dubu 360, kuɗin da matar aure ba za ta biya ba, saboda dokar 1996 da Bill Clinton ya sa wa hannu ta ce aure na namiji da mace ne kawai. Ta kai ƙara, kotun ƙoli ta ba ta gaskiya a 2013. Na biyun, Jim Obergefell, abokin zamansa yana jinyar ajali, suka ɗauki jirgin marasa lafiya daga jihar Ohio zuwa Maryland, aka ɗaura musu a cikin jirgin yana tsaye a filin sauka. Buƙatarsa ita ce a rubuta sunansa a takardar shaidar mutuwa a matsayin abokin auren mamacin, Ohio ta ƙi. Wannan ƙarar ce ta kai ga hukuncin 26 ga Yunin 2015, wanda ya tilasta wa jihohi 50 amincewa. Hujjar masu neman abin a gaban alƙali ke nan: mu 'yan ƙasa ne, muna biyan haraji, don me za a ba wasu takarda a hana mu? Ba sai ka yarda da su ba kafin ka san da me suka yi nasara.

Hanya uku aka bi. Akwai ta majalisa: Holan ce ta fara a watan Afrilun 2001, Beljiyam ta biyo a 2003, Sifaniya da Kanada a 2005, Faransa a 2013 bayan dubban ɗaruruwan mutane sun cika titunan Paris suna adawa. Akwai ta ƙuri'ar raba gardama: Ailan a 2015, kashi 62 cikin ɗari suka ce sun yarda, alhali shekara biyu kafin nan mutanen Kuroshiya sun kaɗa tasu ƙuri'ar suka rubuta a tsarin mulki cewa aure na namiji da mace ne.

Ta ukun ita ce ta kotu, kuma a nan nake so mu ɗan zauna. Hukuncin Amurka na 2015 alƙalai biyar ne suka rinjayi huɗu. Mutum ɗaya da ya sauya ra'ayi, da tarihi ya sha bamban. Alƙalin alƙalai John Roberts yana cikin huɗun, kuma hujjarsa ba ta addini ba ce. Cewa ya yi tsarin mulki bai yi magana a kan wannan ba, a bar wa jama'a da wakilansu. Kafin nan, a 2008, mutanen Kalifoniya sun kaɗa ƙuri'a, kusan kashi 52 suka ce ba su yarda ba, kotun tarayya ta soke abin da suka zaɓa. A Taiwan kotu ta ba da umarni a 2017, jama'a suka ƙi a ƙuri'ar 2018, duk da haka majalisa ta yi dokar a 2019. Indiya kuwa, kotun ƙolinta a Oktoban 2023 ta ce wannan aikin majalisa ne, ta janye hannunta. Ni a ganina Indiya ce ta bi tsari. Abin da ya shafi zuriya da gado da tarbiyyar al'umma baki ɗaya bai kamata a yanke shi a ɗakin da bai wuce mutum tara ba.

Ku riƙe misalin Afirka ta Kudu da kyau. Tsarin mulkinta na 1996, a sashe na 9, ya hana nuna bambanci, aka jera launin fata da addini da harshe, aka saka har da irin jinsin da mutum yake sha'awa. A Disamban 2005 kotun tsarin mulki ta dogara da waɗannan 'yan kalmomi ta ba majalisa wa'adin shekara guda, a Nuwamban 2006 doka ta fito. Saboda haka duk ranar da kuka ji ana gyaran tsarin mulki a Abuja ko Yamai, ku nemi daftarin ku karanta layi-layi. A nan ake yanke magana, ba a ranar zanga-zanga ba.

A sauran ƙasashen Afirka rigimar ta cakuɗe da kuɗi. A 2011 David Cameron, yana firaministan Birtaniya, ya yi barazanar rage tallafi ga ƙasashen da ke hukunta luwaɗi. Najeriya ba ta saurara ba, a Janairun 2014 Goodluck Jonathan ya rattaba hannu kan dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla irin wannan aure, shekara 10 ga wanda ya shaida ko ya taimaka. Yuganda ta yi tata mai tsanani a Mayun 2023, a Agusta Bankin Duniya ya dakatar da ba ta sabon rance. Sudan kuma a Yulin 2020, lokacin gwamnatin riƙon ƙwarya, ta cire hukuncin kisa da bulala daga sashe na 148 na dokar laifukanta, ta bar ɗauri. Matsin lambar gaskiya ne, kuma yana yi mini ciwo. Amma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ƙasar da ke jiran wani ya saya mata allurar rigakafi, muryarta ba ta da ƙarfi a teburin shawara.

Sai dai jin zafi bai halatta mana ƙarya ba. A Yulin 2024 labari ya cika wayoyinmu cewa Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Samoa da Tarayyar Turai, wai ta halatta auren jinsi. An yi huɗubobi, an yi tsinuwa. Da lauyoyi suka karanta takardar, ba su ga wannan sharaɗi a ciki ba. Nawa ne cikin masu huɗubar suka buɗe ta? Aya ta 6 a Suratul Hujurat tabbatarwa ta umarce mu da yi kafin mu afka wa mutane cikin jahilci.

Abin da ya fi wannan tsorata ni shi ne ɗaukar doka a hannu. A Janairun 2014 a Bauchi, jama'a suka yi ta jifan kotun shari'a da duwatsu ana tsakiyar sauraron ƙarar wasu da ake tuhuma da luwaɗi, sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama. Kotun Musulunci fa! Shari'ar da muke cewa muna karewa ita ce ta hana tajassusi, wato bin diddigin asirin mutane, a aya ta 12 ta Suratul Hujurat, ita ce ta sa bulala tamanin ga mai ƙazafi a Suratun Nur. A yau sai a ɗora hoton ɗan mutane a Facebook don an ga tafiyarsa ko an ji muryarsa, a kashe masa suna, a hana ƙannensa mata aure. Wanda ake zargi mutum ne, jininsa da mutuncinsa haramun ne a kanku, kuma hukunci na alƙali ne, da shaidu, ba na 'yan unguwa ba. Ku gaya wa matasa wannan da irin ƙarfin muryar da kuke gaya musu haramcin luwaɗi.

(Wani ɗalibi ya yi tambaya: Malam, idan an ɗauki mutum limanci a Ingila ko Kanada, za a tilasta masa ɗaura irin wannan aure?)

A'a, ɗan'uwana. Dokar Ingila ta 2013 ta ce ba a tilasta wa wata ƙungiyar addini ko malaminta, kuma dokar Kanada ta 2005 ita ma ta ambaci 'yancin malaman addini na ƙin ɗaurawa. Inda ake samun matsala shi ne aikin gwamnati. A 2015 wata magatakardar ƙaramar hukuma a jihar Kentucky ta Amurka, Kim Davis, ta ƙi ba da lasisin aure saboda imaninta, alƙali ya tsare ta kwana biyar. Don haka in aikin masallaci ne, doka ta ba ka kariya. In kuwa na ofishin rajistar aure ne, ka karanta sharuɗɗan aikin kafin ka sa hannu.