Yadda wasu sassan ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke iya rikiɗewa su zama madubin ido

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanku da zuwa.

A cikin idon kowannenmu, can bayan baƙin ido, akwai wani ɗan abu garai-garai kamar gilashi wanda ke tattara haske. Shi nake kira madubin ido, kuma shi ne wanda yanar ido ke rufewa idan mutum ya tsufa. A yadda aka saba, daga fatar kan ɗan tayi yake samuwa. Retina kuwa, wato shimfiɗar bayan ido mai karɓar haske, daga ƙwaƙwalwa take tsirowa. Asalinsu daban ne, kowa da hanyarsa.

To amma a 1891 wani masani ɗan Italiya, Colucci, sannan Gustav Wolff na Jamus a 1895, suka lura da abin mamaki a jikin wata dabba dangin kwaɗo mai siffar ƙadangare. Idan aka cire mata madubin ido, sai gefen sama na baƙin idon, wato da'irar nan mai launi, ya zubar da baƙinsa, ya yi ta rarrabuwa har ya gina sabon madubi. Gefen saman kawai, ku lura, na ƙasa ba ya yi.

A 1973 Eguchi da Okada a Japan suka ɗebo ƙwayoyin halitta masu baƙin launi daga idon ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, suka rene su a faranti. Bayan makonni sai ga wasu ƙananan dunƙule masu sheƙi sun taso a tsakiyar baƙin, cike da kiristalin, furotin ɗin da ke sa madubin ido ya zama garai. Daga baya aka ga retina ita ma tana yin haka. Har wani ɗan ƙulli na tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira finiyal, da aka ɗebo daga ɗan tayin salwa, ya ba da madubi.

Nan ne nake so mu tsaya kaɗan, domin a ganina nan ilimin yake. Waɗannan sassa duka suna amfani da ƙwayar gado mai suna Pax6, kuma idan ta haɗu da wata ƙwayar gadon mai suna Sox2 sukan kunna kiristalin. Ke nan ikon yin madubi yana kwance a jikinsu tun farko, danne shi ake yi. Hisato Kondoh da abokan aikinsa sun nuna cewa a retinar ɗan tsako, saƙon da ƙwayoyi maƙwabta ke aika wa juna, wanda ake kira Notch, yana cikin masu danniyar. Da aka toshe saƙon, madubi ya yawaita. Kamar ƙofa ce da aka tokare: da an janye abin tokarewa, sai ta buɗe da kanta.

Wani zai ce, to sai a yi wa mai yanar ido haka mana? Tukuna dai. Dunƙulen da ke faranti bai da tsarin madubi na gaske. Sai dai a 2011 Eguchi da abokansa sun ba da rahoton cewa sun cire madubin idon dabbobin nan dangin kwaɗo sau 18 cikin shekara 16, kuma madubin ƙarshe ya fito lafiya lau kamar na ƙuruciya.

Yanzu sai in saurari tambayoyinku.