Bindigar .22 mai araha da harbi marar hayaniya a karkarar Amurka

Assalamu alaikum, masu kallo. A karkarar Amurka, inda gida ɗaya kan zauna a kan fili mai faɗin gona, harbin gwangwani ko takardar saiti da yamma tsohon wasa ne, kuma bindigar da aka fi yin sa da ita ita ce ƙaramar nan mai cin harsashin .22. Wanda ya shiga kanti neman irinta yakan zo da buƙatu biyu, wato kada ta ƙwaƙule masa aljihu, kuma kada ƙararta ta haɗa shi faɗa da maƙwabta. Da yawa suna fara tambaya da sunan kamfani, alhali kuwa ba daga nan maganar ta taso ba. Yawan ƙara ko ƙarancinta yana cikin harsashi ne kafin a zo kan bindiga, saboda haka wanda ya fara zaɓar harsashinsa, shi ne zai san bindigar da ta dace da shi, kuma sau da yawa sai ta kasance mafi arha a cikin waɗanda aka jera masa.

Ku dubi gindin kwanson tagulla na harsashin .22. Babu wani ɗan maɓalli a tsakiyarsa irin wanda ake gani a manyan harsasai. Sinadarin da ke kama wuta an zuba shi ne a cikin leɓen da ya zagaye gindin, idan aka ja kunama sai allurar bindiga ta daki leɓen, wuta ta tashi ta kama albarushi. Wannan ne harsashi mai wuta a gefe, wanda ake rubuta wa rimfire a jikin kwali. Wani maƙerin bindiga na Faransa mai suna Louis-Nicolas Flobert ne ya fara fito da shi a 1845, kuma nasa ko albarushi babu a ciki, domin an yi shi ne don harbin nishaɗi a cikin ɗaki. Kamfanin Smith & Wesson ya fitar da .22 Short a 1857, sannan kamfanin Stevens ya kawo .22 Long Rifle a 1887, wanda har yau shi ne mafi arha kuma mafi samuwa a kantunan Amurka. Dalmarsa ta yau da kullum ba ta wuce giram 2.6 ba, nauyin da suke rubutawa 40 a ma'auninsu na giren.

Abin da kunne ke ji idan an yi harbi ƙara biyu ce da ta haɗu. Ta farko ita ce ta iskar albarushi da ke fashewa a bakin bindiga bayan dalma ta fita. Ta biyu kuwa dalmar ce da kanta take yin ta, idan gudunta ya wuce gudun sauti, kamar yadda bakin bulala ke yin tsawa idan an kaɗa ta da ƙarfi. Wannan ta biyun ita ce mai kaifi, ita ce take bin dalmar duk tsawon tafiyarta, kuma ita ce maƙwabci ke ji daga nesa ya san harbi ake yi. A yanayi mai matsakaicin ɗumi sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa, kimanin ƙafa 1,125 a lissafin da ake bugawa a kwalayen harsashi. Duk harsashin da ya tsaya ƙasa da wannan adadi ya rabu da ƙarar ta biyu gaba ɗaya.

A nan ne karanta kwali yake da amfani. Harsashin Mini-Mag na kamfanin CCI, wanda ke garin Lewiston a jihar Idaho, yana fita da gudun ƙafa 1,235 a daƙiƙa, ya wuce sauti ke nan, don haka zai yi tsawa idan aka sa shi a doguwar bindiga. Standard Velocity na kamfanin guda yana gudun ƙafa 1,070, yana ƙasa da sauti da ɗan kaɗan, kuma masu harbin saiti suna son sa saboda daidaitonsa. Sai dai akwai wani abu da ba kowa ke lura da shi ba: gudun sauti yana raguwa idan sanyi ya sauka. A ranar da ruwa ke daskarewa yakan dawo kusan ƙafa 1,087, saboda haka harsashin da ya yi shiru da bazara yana iya fara tsawa jefi-jefi da hunturu a jihohi irin su Minnesota, ba tare da an canza komai a bindigar ba.

Wanda yake son shiru na gaske sai ya ƙara sauka. Quiet-22 na kamfanin CCI yana ɗauke da dalma mai nauyin giren 40 amma gudunsa ƙafa 710 ne kawai, haka ma CB Short mai giren 29. A doguwar bindiga, ƙarar waɗannan ba ta fi ta bindigar iska ba sosai, har ma sau da yawa bugun dalma a jikin gwangwani yakan fi fitowa fili fiye da harbin kansa. Akwai kuma Colibri na kamfanin Aguila da ke Meziko, wanda ya koma tsarin Flobert, babu albarushi sai sinadarin kunnawa, amma ban ba da shawararsa ga mai doguwar bindiga ba, domin ƙarfinsa kaɗan ne har dalma tana iya tsayawa a cikin bututu, idan kuma aka bi ta da wani harbin sai bututun ya kumbura. Su kuwa .22 Magnum na 1959 da .17 HMR na 2002, ko da yake su ma masu wuta a gefe ne, ba su da gurbi a wannan magana, tunda na biyun yana gudun ƙafa 2,550 a daƙiƙa, kuma kuɗinsu ya ninka na .22 Long Rifle.

To, da zarar mutum ya tsayar da ransa a kan harsashi mai sanyin gudu, rabin bindigogin da ke kanti sun faɗi da kansu. Ruger 10/22, wadda ta fito a 1964 da gidan harsashinta mai juyawa mai cin goma, ita ce mai kanti zai fara miƙo wa, kuma bindiga ce mai kyau wadda kayan gyaranta suka cika kasuwa. Haka Marlin Model 60 ta 1960, wadda ake samun tsofaffinta da arha. Amma dukansu biyun masu ɗana kansu ne, suna dogara da ƙarfin harbi wajen tura sakata baya, ta yar da kwanso, ta ɗauko sabon harsashi. Harsashi mai gudun ƙafa 710 ba shi da wannan ƙarfin, saboda haka sai mai harbi ya riƙa jan sakatar da hannu bayan kowane harbi, ya biya kuɗin abin da ba zai mora ba ke nan. CCI ya yi wani nau'in na musamman domin irin waɗannan bindigogi, mai giren 45 da gudun ƙafa 835, yana kuwa aiki, sai dai ya fi ƙara, ga kuma kacau-kacau ɗin ƙarfen sakata da ke kai da komo daf da kunnen mai harbi, da ɗan hucin albarushi da ke fita ta gefe.

Bindiga mai sakatar hannu ba ruwanta da wannan matsala. Mai harbi ne ke ɗaga hannun sakata, ya ja baya, ya tura gaba, ya kulle, kuma ɗakin harsashi yana rufe ruf har dalma ta fita, don haka duk abin da aka ba ta za ta harba. A wannan rukuni Savage Mark II, wadda ake ƙerawa a Lakefield da ke lardin Ontario na Kanada, ita ce a ganina ta fi cancanta ga mai ƙaramin ƙarfi. Ƙotarta ta roba ba abin nuna wa baƙi ba ce, amma bututunta yana da saiti, kuma yawancin nau'o'inta suna da kunamar AccuTrigger wadda mai ita zai iya sassauta nauyin janta ba sai ya je wurin maƙeri ba. Ruger American Rimfire ta ɗan fi ta tsada, fa'idarta ita ce tana amfani da gidan harsashin 10/22 wanda ake samu a ko'ina. CZ 457 ta ƙasar Cek ta fi su duka kyawun ƙira da laushin sakata, amma kuɗinta ya kusa ninka na Savage, kuma a tazarar mita 25 da harsashi mai sanyin gudu, da wuya idon mai koyo ya ga bambancin a jikin takarda.

Akwai wata hanya ta uku da ta cancanci a tsaya a kanta, wato Henry H001, mai hannun ɗanawa a ƙarƙashin kunama irin na bindigogin makiyayan shanu na yammacin Amurka. Gidan harsashinta bututu ne da ke kwance a ƙarƙashin babban bututun, yana cin Long Rifle 15 ko Short 21. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin gidan harsashin da ake cirewa irin na Savage an auna shi ne da tsawon Long Rifle, gajerun harsasai ba sa hawa daidai a cikinsa, sai dai a riƙa sa su ɗaya-ɗaya da yatsa. Wanda ya fi son CB Short, Henry ce tasa. Ya dai sani cewa yawan harba gajeren harsashi a ɗakin da aka yi don dogo yana barin zoben dauɗa a ciki, idan ba a goge shi da buroshi ba sai dogon ya riƙa cijewa wajen shiga ko wajen fita.

Tsawon bututu ma yana da nasa rabon. Dokar tarayya ta sa mafi gajarta inci 16 ga irin wannan bindiga, amma mai neman shiru gara ya nemi inci 20 zuwa 24, saboda ɗan albarushin da ke cikin .22 yana gama ci tun kafin dalma ta kai ƙarshe, matsin iskar yana raguwa kafin ya fito, kuma bakin bindigar ya ƙara nisa da kunne. Duk da haka a toshe kunne a sa tabarau, domin harsashin .22 na yau da kullum yana kaiwa wajen desibel 140 a ma'aunin ƙara, wanda ya isa ya yi wa ji illa ta dindindin. Na'urar rage ƙara da ake ɗaurawa a bakin bindiga, wadda Hiram Percy Maxim ya yi wa rajistar mallaka a 1909, tana ƙarƙashin dokar tarayya ta 1934, sai an yi mata rajista da ATF, hukumar tarayya mai kula da makamai, kuma jihohi irin su California da New York sun haramta ta. Kuɗinta kaɗai yakan kai na bindigar ko ya wuce, don haka mai lissafin araha yana iya barin ta.

Idan tsohuwa za a saya, wuri ɗaya ne ya fi buƙatar ido. A buɗe sakata, a haska tocila a bakin ɗakin harsashi, a duba ko akwai ɗan lotsawa a gefensa. Tsofaffin bindigogi masu wuta a gefe idan aka yawaita jan kunamarsu ba harsashi, allurar takan daki ƙarfen ɗakin har ta tayar masa da ƙaya, daga nan sai kwanso ya riƙa maƙalewa ko harsashi ya ƙi tashi. Madubin saiti mai ninki huɗu da aka yi don .22 ya wadatar, domin harsashi mai sanyin gudu yana saurin sunkuyawa, bayan mita 40 zuwa 50 ya fara faɗuwa sosai.

Saura batun da ke iya rushe duk wannan lissafi, wato ko filin ma ya halatta a yi harbi a cikinsa. Yawancin biranen Amurka sun hana harba bindiga a cikin iyakarsu, ko da kuwa harsashin ba ya ƙara, kuma jihar New York ta hana harbi a cikin tazarar ƙafa 500 daga gidan wani sai da yardar mai gidan. Ofishin sharif, wato babban jami'in tsaro na ƙaramar hukuma, shi ne wurin tambaya kafin a kashe ko sisi. Mai saye a kanti mai lasisi dole ya kai shekara 18, ya cike takarda mai lamba 4473, a kuma binciki sunansa a kundin FBI. Ɗalibanmu da sauran masu zama da bizar wucin gadi su lura da kyau, dokar tarayya ta hana su mallakar bindiga ko harsashi sai da wasu 'yan keɓance-keɓance, kamar samun lasisin farauta na jiha. Wanda ke kallonmu daga Najeriya kuma ya sani dokar makamai ta 1959 ba ta bar kowa ya riƙe irin wannan bindiga ba lasisi ba.

Ƙarancin ƙara bai rage wa dalma haɗari ba. Gargaɗin da ake bugawa a kwalin .22 Long Rifle yana cewa tana iya yin illa har nisan mil ɗaya da rabi, fiye da kilomita biyu, kuma dalma mai sanyin gudu ta fi saurin tsalle idan ta daki dutse, ko busasshiyar ƙasa, ko fuskar ruwa, saboda ba ta tarwatsewa. Shingen katako ba ya tare ta. Abin da ke tare ta shi ne tudun ƙasa mai laushi wanda aka tsince duwatsunsa, wanda ya fi abin harin tsawo da faɗi sosai, ko akwatin ƙarfe mai karkataccen baya da ake sayarwa don kama dalmar .22. A sa abin harin ƙasa-ƙasa yadda bakin bindiga zai riƙa kallon tudun, a kuma nisantar da wurin daga rijiya da lambun kayan miya, tunda dalma guba ce da ke taruwa a ƙasa, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci. Bayan an gama wannan shiri sai a sayi kwali ɗaya-ɗaya na harsasai iri uku ko huɗu, a tsayar da wani a kan iyakar fili ta gefen da ke bayan mai harbi ya saurara, a kuma duba takarda a ga wanne ne ya fi tara ramukansa wuri ɗaya, domin bindigogi biyu da suka fito daga masana'anta guda ba lalle ne su so harsashi iri ɗaya ba.