Baƙar fata a tambarin garin Koburg

Jama'a, assalamu alaikum. Yau ga ni a Koburg, wani ƙaramin gari a arewacin jihar Bavariya ta Jamus. Bari in sunkuyar da kyamara ku gani. Wannan murfin magudanar ruwa da nake tsaye a kai, kan baƙar fata ne a jikinsa, har da ɗan kunne. Shi ne tambarin garin: fili ruwan zinare, baƙin kai, jan leɓe.

Duk ɗan Afirkan da ya fara ganinsa sai ransa ya sosu, ya ɗauka bawa aka zana. To, waliyyin garin ne a wajen Kiristoci, Mauritius. Ruwayarsu ta ce mutumin Misira ne, kwamandan wata rundunar Rumawa a ƙarni na 3, aka kashe shi da sojojinsa a ƙasar Suwizalan ta yau saboda sun ƙi bin umarnin da ya saɓa wa addininsu. Babbar majami'ar garin ma sunansa ta ci. Ku ɗaga kai, shi ne can saman ginin majalisar gari riƙe da sanda.

Ga inda labarin ya kama ni. Koburg ne garin farko a Jamus da 'yan Nazi, wato jam'iyyar Hitler, suka samu rinjaye a majalisarsa, a 1929. A 1934 suka cire wannan kai daga tambarin, suka sa takobi mai alamarsu a mariƙinsa. Ba su iya jure baƙar fata ya wakilci garinsu ba. Sai da aka ci su da yaƙi a 1945 aka dawo da shi.

A 2020 wasu sun tattara sa hannu suna neman a sauya tambarin, suna cewa zanen cin fuska ne. Wallahi na fahimce su, an kambama leɓen nan ƙwarai. Amma ni ban goyi bayan a cire shi ba, wanda 'yan Nazi suka kora ba zan so a sake korarsa ba. A gyara zanen dai. A majami'ar Magdeburg, wani birni a nan Jamus, akwai mutum-mutuminsa tun ƙarni na 13, ɗan Afirka sak cikin sulke, da kwarjininsa. Irin wannan fuskar nake so a mayar masa.