Rosetta Tharpe da Tushen Kiɗan Rok

Da an ce kiɗan rok, yawancinmu Bature mai dogon gashi muke hangowa, rungume da jita. To masu kallo, ku biyo ni zuwa Cotton Plant, wani ɗan ƙaramin gari a jihar Akansas ta Amurka, inda aka haifi wata baƙar fata, Rosetta Tharpe, a 1915.

Tun tana yarinya take bin mahaifiyarta yawon wa'azi coci-coci, uwa na wa'azi, 'ya na kaɗa jita. Da ta girma sai ta kwashi waƙoƙin cocin ta kai su gidajen rawa na birnin New York. Manyan coci ba su ji daɗi ba ko kaɗan. Daga baya ta koma jita mai lantarki, tana ƙure ƙara, tana jan tsirkiya har sai jitar ta yi kuka. Wannan salon da ake yi wa maza kirari da shi a yau, mace ce ta riga su. Faifanta na 1944, "Strange Things Happening Every Day", ya kai matsayi na biyu a jerin faya-fayan baƙar fata na mujallar Billboard. A shekarar da ta yi shi, Elvis Presley, farar fatar da daga baya aka yi wa kirari da sarkin rok, yana ɗan shekara 9.

Ku lura da maganar nan: jerin baƙar fata. A Amurkar wancan zamani wariyar launin fata ta shiga har kasuwar waƙa. Jeri daban, masu saye daban, gidajen rediyo da yawa kuma ba sa sa waƙar baƙi. Sai a ɗauko waƙar da ta yi tashe a unguwannin baƙaƙe, a ba farar fata ya sake rerawa, kuɗi da suna su bi shi. Big Mama Thornton ce ta fara fitar da "Hound Dog" a 1953, amma ta Elvis ta 1956 duniya ta sani. Little Richard ya yi "Tutti Frutti" a 1955, Pat Boone ya maimaita, tasa ta wuce ta mai ita a babban jerin Billboard, ba na baƙar fata ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba wai Elvis ba shi da baiwa ba ne, yana da ita. Abin da ke min ciwo shi ne yadda aka shafe sunayen waɗanda aka koya a wurinsu.

Samarin Ingila kuwa ba su ɓoye ba. 'Yan ƙungiyar Rolling Stones ma daga wata waƙar Muddy Waters, wani mawaƙi baƙar fata na Amurka, suka samo sunansu. A 1964 Rosetta ta yi wasa a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Manchesta, bayan an sha ruwan sama, matasa zaune a ɗaya ɓangaren layin dogo suna tafi.

Ta rasu a Filadelfiya a 1973, ciwon suga ya riga ya sa an yanke mata ƙafa ɗaya. Kabarinta ya yi fiye da shekara 30 babu ko dutsen suna. Zauren karrama gwanayen rok ya shigar da Elvis, Chuck Berry da Little Richard tun 1986. Ita sai 2018.

Bidiyon wasan Manchesta yana nan a YouTube. Ku nema, ku zuba wa yatsunta ido.