Naka da wanda ba naka ba: lacca kan haƙurin ƴan rumfa

(An rubuto ta daga muryar da aka naɗa a wani zauren taro a Maradi.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena, malamaina, ƙannena ɗalibai, barkanku da yamma. Na can baya kuna jina? To madalla. In wuta ta tafi kada kowa ya tashi, zan ɗaga murya, dama laccar a kan haƙuri take. (dariya)

Abu uku na zo da su, in Allah ya so kafin magariba mun gama.

Bari dai in fara gaya muku ko su wane ne mutanen nan. Wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, an yi wani ɗan kasuwa mai suna Zeno, mutumin tsibirin Kubrus. An ruwaito cewa jirgin ruwansa ya nitse da kayansa, ya wayi gari a birnin Atina na ƙasar Girka ba ko dala. Sai ya shiga neman ilimi, daga baya ya riƙa zama ƙarƙashin wata rumfa a bakin kasuwa yana karantarwa. Rumfa da Girkanci ita ce sitowa, daga nan aka samo sunan Sitoyik, wato ƴan rumfa. Fada ya kafa, irin taku ta bakin titi, shayi ne kawai babu. Kun ga ke nan falsafar nan karayar arziki ce ta haife ta, kuma a Maradi ba sai na yi wa kowa fassarar karayar arziki ba.

To, na ɗaya. Wannan daga bakin Epiktetus yake, ɗaya daga cikin ƴan rumfar da suka zo daga baya. Sunan yana da wuya, in ya gagare ku ku ce Malam Epi, ba zai yi fushi ba, sana'arsa ke nan. An haife shi wajen shekara ta 50 miladiyya a ƙasar da yau ake kira Turkiyya. Bawa ne. Sunan ma da kansa ma'anarsa abin da aka samu, abin da aka mallaka. Ubangidansa sakataren sarki Nero ne a birnin Roma. Gurgu ne kuma. Da ya sami ƴanci ya fara koyarwa, sai sarki Domishiyan ya kori masu falsafa daga Roma, ya tattara ya koma Nikopolis a Girka ya buɗe makaranta. Bai rubuta komai da hannunsa ba, almajirinsa Ariyan ne ya riƙa rubuta abin da yake faɗa, kamar yadda yaron can yake naɗar muryata. Yaro, ka goge wurin da na yi tari.

Me ya koyar? Ya ce abubuwan duniya kashi biyu ne, akwai na hannunka, akwai waɗanda ba na hannunka ba. Na hannunka: yadda ka ɗauki abu, niyyarka, abin da ka zaɓa ka aikata. Sauran duka, jiki, dukiya, suna, mulki, aro ne. Ku tuna wanda ke maganar nan mutum ne da ko ƙafarsa bai mallaka ba.

Za ku ce ai mun sani. Kun sani a baki. Bari in ba ku misali daga nan gida. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. Ina da abokai biyu, ba zan kama suna ba don ɗaya yana iya kasancewa cikin ɗakin nan, kowannensu motarsa ta aya ta tsaya a hanyar Ɗan Isa. Na farko ya kwana ya tashi da rediyo a kunne. Safe BBC, rana Jamus, dare Faransa. Ya zagi wannan, ya tsine wa wancan, yana lissafin ranar da za a buɗe kamar makullin yana aljihunsa. Har hawan jini ya kama shi. Na biyun bayan kwana kaɗan ya sauke kayan, ya karyar da rabi a kasuwar gida, ya taka da ƙafarsa ya sami masu binsa bashi tun kafin su zo, ya ce ga abin da ya faru, ga abin da zan iya biya duk wata. Dukansu sun yi asara. Ku ji ni da kyau, dukansu sun yi asara, falsafa ba ta buɗe boda. Amma ɗaya ya yi asarar aya, ɗayan ya yi asarar aya da lafiya da barci, har matarsa ta yi yaji.

Iyaka tana hannunsa? Ba ta hannunsa. Zuwa wurin mai bashi fa? Yana hannunsa. Shi ke nan karatun.

Manomi ya fi kowa gane wannan. Zaɓen iri naka ne, kai taki gona naka ne, noman fari da maimai naka ne. Ruwa ba naka ba ne. Wanda ya zauna yana hararar sama ciyawa na cin geronsa, kada ya ce mini yana haƙuri, lalaci ne ya sa masa rawani. A nan mutanenmu suke ruɗewa. Mun mayar da haƙuri naɗe hannu. Kakanninmu ba haka suka yi ba. A 1945 da Gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohon gari, ruwan ba a hannunsu yake ba, amma haurowa tudu da sake gini a hannunsu yake, ga shi a kan tudun muke zaune yau. Kuma kun san hadisin mutumin da ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ɗaure raƙumarsa ne ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Ban ce Girkawa ne suka koya mana ba, Malam kada ka harare ni. Na ce dai hankali in ya yi tafiya mai nisa yakan biyo ta ƙofar gidanmu. Alkindi ma, malamin Bagadaza na ƙarni na 9, da ya rubuta risalarsa ta maganin baƙin ciki, ya ɗauko misalin matafiyan jirgin ruwa da ke cikin karatun Epiktetus.

Af, na manta labarin fitila. Ɓarawo ya shiga gidan Malam Epi ya ɗauke fitilarsa ta ƙarfe. Ya ce to, gobe sai in sami ta yumɓu, mutum ba ya rasa sai abin da yake da shi. An ce bayan ya mutu wani mai kuɗi ya sayi fitilar yumɓun nan dirhami 3000, yana zaton in ya yi karatu da ita hikimar za ta shige shi. (dariya) Irinsa suna nan, ya sayi littafi jikka goma ya ajiye a falo.

Na uku. A'a, na biyu ko? Kai, lokaci. To na biyun shi ne shirya wa wahala tun kafin ta zo, in haɗa muku ƴan rumfa biyu a ciki.

Markus Oreliyus ya mulki daular Roma daga 161 zuwa 180, cikin yaƙi da annoba. Yana rubuta wa kansa nasiha a sansanin yaƙi. A ciki yake ce wa kansa, tun da asuba ka sa a ranka yau za ka gamu da mai shisshigi, da butulu, da mai girman kai. Ma'aikatan da ke nan, ku gwada wannan kafin ku tafi biro, wato ofis. Ɗan kabu-kabu ya gwada kafin ya tayar da babur. Zagin da ka riga ka sa ran zuwansa rabin dafinsa ya zube a hanya. Har da faɗan da yake yi wa kansa a kan ƙin tashi daga shimfiɗa da safe, sarki guda. Sai Seneka, malamin Nero, wanda ya ba da shawarar mutum ya riƙa ware ƴan kwanaki yana cin abinci mara daɗi, yana sa tufa mai kaushi, ya tambayi kansa, wannan ne abin da nake tsoro? Shi dai attajiri ne na gaske, a ganina talauci na gwaji yana da daɗin wa'azi. Mu nan ba ma buƙatar gwaji. Ƙarshensa Nero ya umarce shi ya kashe kansa a shekara ta 65.

Akwai hannu can wajen mata. Hajiya, bismillah. A miƙa mata abin magana.

(Tambayar ba ta fito sosai ba. Ta ce ta rasa ɗanta bara, shin mutanen nan cewa suke kada ta yi kuka, tunda mutuwa ba a hannunta take ba?)

Allah ya jiƙansa, Hajiya. Allah ya sa mai ceto ne. Ba zan ɓoye miki ba, Epiktetus ya faɗi magana mai nauyi a nan. Ya ce in kana sumbatar ɗanka ka tuna wa kanka mai mutuwa kake sumbata. Ya kuma ce kada ka ce na rasa, ka ce na mayar. Wannan ta biyun na karɓa, don ta yi kusa da abin da muke faɗa, daga Allah muke, gare shi za mu koma. Amma in ana nufin zuciya ta bushe, a nan na rabu da shi. Markus da na ambata ya binne ƴaƴansa da dama da ransa, kuma duk wanda ya karanta shi zai ga mutum ne mai lallashin kansa, ciwon bai bar shi ba. Mu kuwa muna da abin da ya fi. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah ya rasu, idanun Annabi sun zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Ki yi kukanki, Hajiya. Shekararsa nawa? Bakwai. Allahu akbar.

Ga kiran salla nan. Na ukun yana kan fushi ne, sai wani zaman. Malam, yi mana addu'a, ka sa yaron Hajiya a ciki.